Lambar da Na Sa Vilja Ta Goge

Shugabar makaranta, Uwargida Marketta Hyvönen, wakilan hukumar gari, dattawan ƙungiyar masunta, iyaye, 'yan'uwana malamai, da ku 'yan aji takwas da kuka ƙosa a sallame ku dogon hutu, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni, ni Ilpo malamin kimiyya, damar yin magana kan yadda ake rubuta rahoton gwaji. Shekara ashirin da shida ina koyar da shi, sai bana na gane ban iya ba.

Ƙa'ida ta farko, faɗi abin da ka fita nema. A watan Maris ni da ɗalibaina muka hau kan tafkinmu da ya daskare, muka huda ƙanƙara wuri biyar, don mu auna iskar da ta rage wa kifi a cikin ruwa.

Ta biyu, rubuta abin da ka gani, ba abin da ka so gani ba. Ramuka huɗu suka ba da lamba mai kyau. Na biyar, wanda ɗalibata Vilja Kettunen ta huda, ya nuna iska ta kusa ƙarewa. Sau uku ta auna, har yatsunta suka sandare. Ni kuwa, uban 'yan sani, ƙafafuna na daskarewa, hankalina na kan shan kofi mai zafi, na ce sanyi ne ya rikita na'urar, ta goge lambar kada ta ɓata mana jadawali.

Ta ce, "Ilpo, ai kai ka ce ba a gogewa, layi ɗaya ake ja a kai."

Na ce, "Yau dai goge, sarkin gardama."

Ta goge. Na ba rahoton cikakken maki.

Ƙanƙara ta narke a watan Mayu, kifi ya taso matacce, har wari ya hana mu buɗe tagogin aji. Dattawa, injin hura iska cikin ruwa yana nan ajiye a rumfarku. Da lambar nan ta iso gare ku, da kun kunna shi. Ba ta iso ba, kuma ni na tare ta.

Ta uku, amsa kuskurenka da sunanka. Kifi zai dawo in an yi haƙuri. Abin da ke ci mini rai Vilja ce. Yarinyar da ke gajiyar da ni da tambaya, tun ranar ba ta sake ɗaga hannu ba, kuma ta janye sunanta daga ajin gwaje-gwaje na baɗi. Dominta na rubuta wannan jawabi, ga kujerarta can a layi na uku babu kowa.

Aulis, kai ne kakanta, ga littafinta. Na bi sawun fensirin na mayar da lambar, na sa hannu a gefe. Don Allah ka kai mata, ka ce ita ce da gaskiya.

Allah ya raya tafkinmu, ya mayar da kowa gida lafiya, ya ba yaran nan malaman da za su saurare su fiye da ni.

Na gode.