An Ɗaure Murfin Gobara da Waya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Maman Sadiya daga Kwamba, nan Suleja. Girki nake yi a wani gidan abinci, kuma takaici ne ya sa na rubuto.

A saman murhunmu akwai rumfar ƙarfe mai zuƙe hayaƙi. Cikin bututunta akwai wani murfi da ke rufe kansa in wuta ta tashi, don kada ta haura sama. Da maiƙo ya cika bututun, sai murfin ya riƙa faɗowa, hayaƙi ya turnuƙe mu. Muka ce wa Oga a kira masu wankewa. Ya ce ba zai rufe shago ana ciniki ba, ya sa aka ɗaure murfin da waya.

Ranar Juma'a ina suyar kifi sai mai ya kama da wuta. Wutar ta bi maiƙon nan ta haye bene, inda Malam Isa tela yake ɗinki. Da ƙyar ya fito, hannunsa duk ya saɓule.

Malam, ka san abin da Oga ya ce? Wai ƙaddara ce. Ko asibiti bai leƙa ba. Jiya ya shafe baƙin bangon da fenti, ya ce mu dawo aiki.

Jama'a, ku ba ni shawara, wa zan kai wa ƙara? Don da safen nan na ɗaga kai na duba, wayar tana nan a ɗaure.