Alhaji, A Bar Mana Munzali

Mai girma shugaban taro, dattawan kwatar Trans-Amadi, dillalai da mahauta, baƙinmu na Onitsha da Enugu, iyayenmu mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

Sunana Nicodemus, malamin da ke koya wa 'ya'yanku rubuta manhaja. Ina godiya ga ƙungiyarku da ta ba mu ɗakin karatu, ina godiya ga mahauta da suka wadata mu da tsire, har aka fara zargin don shi muke zuwa aji.

Magana ta farko, manhajar da muke ƙaddamarwa. Kowace motar shanu tana da katinta a allon kwamfuta, kowane kati da 'yar fitilarsa: mota ta iso, fitila ta koma koriya. Ɗalibina Munzali ne ya gina ta. Kun kuma san sharaɗin mahaifinsa, Alhaji Kallamu: in ba ta yi aiki ba kafin wannan taro, Munzali ya ajiye kwamfuta ya koma kwata.

Magana ta biyu, wuyar da ya sha. Katunan nan duka daga tsari guda ake fitar da su, kamar yadda ake buga bulo. Munzali ya raɗa wa fitilar suna a cikin tsarin, ya fita daga tsarin yana ta kiranta a rubutun manhajarsa. Shiru. Ya canza suna, shiru. Ya zo mini ido ja wur, ya ce, "Malam, abeg, ni na raɗa mata suna fa, ta ƙi amsawa!" Na ce, "In ka tsaya cikin cunkoson kasuwar Head Bridge ta Onitsha ka ƙwala wa Muhammad kira, wanne kake nufi? Faɗi katin da kake so, ka sa tsarinsa ya nemo maka fitilar da sunanta." Ya yi haka, aka dawo masa hannu rabbana, domin gaggawa irin ta gidansu ta sa ya yi tambaya tun ba a gama haɗa katin ba. Alhaji, ban ambaci suna ba. Da ya koyi jira a gama haɗawa, sai fitila ta amsa.

Magana ta uku taka ce, Alhaji. Wallahi na ji tsoro, domin ba na son rasa yaron nan. Dubi allo: motarka ce ta shigo ɗazu, ga koriyar fitila. Kwata tana da hannaye da yawa. Ajinmu Munzali ɗaya gare shi. Ina roƙonka a gaban dattawa, ina roƙonka a gaban baƙi, ka bar mana shi.

Wannan gyaɗa kai, amincewa ce ko ƙuda kake kora? Ɗaga murya, Alhaji. Jama'a, kun ji? Ya ce ya bar mana. Munzali, share hawayenka, ana ɗaukar hoto.

Allah ya tsare motocinmu a hanya, ya albarkaci kasuwarmu da 'ya'yanmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.