Gatarin Dona Zulmira Ba Ya Tashi Sama

Mai girma shugaban wannan taro, magajin garin São Brás do Cocal, Dakta Valdemar. Fada Inácio, wanda ya yi wa Dona Zulmira addu'ar ƙarshe. Kansilolinmu tara, waɗanda yau ce rana ta farko da na gan su a cike. Wakilan jam'iyya da suka taso tun daga babban birni. Dakta Eurico ƙarami, mai gandun shanu na bakin rafi, wanda aka ba kujerar gaba. Uwayena da 'yan'uwana mata masu fasa kwakwar babasu, waɗanda aka bari a tsaye can baya cikin rana. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sunana Tibúrcio, ga baƙin da ba su san ni ba. Shekarata tamanin da ɗaya. Ban taɓa shiga aji ba, har gobe da babban yatsa nake dangwala hannu a takarda. Shekara arba'in ina biye da marigayiya: da farko da jakina na ɗauko mata kwakwa, daga baya na ɗauki lasifikarta a kafaɗa, kuma ita ce uwar baftismar 'yata. Ina godiya da aka ce ni zan ja igiyar nan in yaye ƙyallen da ya lulluɓe mutum-mutuminta. Ina godiya da motar da aka aika ƙofar gidana, ina godiya da sabuwar rigar da aka ɗinka mini. Sai dai ban saka ta ba. Tun da nake, ba a taɓa ba ni riga ba tare da ana son in yi shiru a kan wani abu ba.

Magana uku ce da ni.

Ta farko, wace ce Zulmira, domin na saurari masu jawabi huɗu, na kasa gane matar da suke nufi. Sun ce mai haƙuri ce. Zulmira? Ku tambayi 'yan sandan da suka tsare ta kwana goma sha tara a zamanin soja, su ne suka roƙi alƙali ya sake ta don su huta. A ɗakin jinka aka haife ta, tana da shekara bakwai ta zauna a gefen uwarta tana fasa kwakwa. Da man kwakwar muke girki, da ɓawonta muke gawayi, da ganyenta muke rufin ɗaki da saƙar kwando. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya ba ta ruwa, Allah ne ya baza ta a dajin nan. Sai ga waya mai ƙaya ta zo, sai ga shanu, sai ga zarto mai inji. Ranar da aka zo sare itatuwan bakin rafi, Zulmira ta tara mata sittin da biyu, suka riƙe hannun juna, suka kewaye itatuwan tun safe har rana ta yi sanyi. Shugaban masu sarar ya ce, "Baiwar Allah, matsa, aiki aka sa ni." Ta ce, "Kai Zeca, ba ni na yanke maka cibi ba? Kashe injin nan ka zo ka sha kofi." Ya kashe. Ina wurin, ni na hura wutar kofin.

Tana da shekara talatin da huɗu ta koyi karatu a zauren coci. Ta shiga jam'iyyar 'yan gurguzu a lokacin da kalmar kaɗai takan sa a daina gaishe ka a kasuwa. Na ce mata, "Wai mene ne gurguzun nan?" Ta ce, "Tibúrcio mai taurin kai, kanka ya fi na jakinka tauri. Abin da ba wanda ya shuka, kowa ya ɗiba. Sauran bayanin na masu gilashi ne." Ta yi kansila sau uku, kuma ita ta tsaya kai da fata har aka yi dokar buɗaɗɗiyar ƙofa, wadda ta ce duk macen da ta zo tsintar kwakwa, ƙofar gandu a buɗe take gare ta, ko gandun na wane ne. Ta je majalisar jiha sau biyu. Da ta gama, ta dawo ɗakinta, ta shimfiɗa buhu, ta ci gaba da fasa kwakwa har hannunta ya daina riƙe kulki.

Ta biyu, abin da ke ƙarƙashin wannan ƙyalle. Ku gafarce ni, na leƙa. Da sassafe na zo, na ɗaga gefensa, domin ni ba na jan igiyar da ban san me ke ƙarshenta ba. Fuskar ta yi kama, ban da hanci. Amma an ƙera ta a tsaye, ta ɗaga gatari sama da hannu biyu.

Uwayena na baya, na ji kun yi guna-guni, ku kun gane. Bari in gaya wa na gaba. Mai fasa kwakwa ba ta ɗaga gatari. A ƙasa take zama, ta danne ƙotar da ƙafarta, kaifin yana kallon sama, ta ɗora kwakwa a kan kaifin, ta buge ta da kulki. Ranar da Zulmira ta fara shiga majalisar jiha, da gatarinta ta tafi a cikin kwando. Mai gadi ya tare ta ya ce ba a shiga da makami. Ta ce, "Ɗana, wannan a zaune yake aiki, kamar 'yan majalisa. Bambancin kawai, shi in ya tashi ana ganin abin da ya yi." Kuma sau nawa ta faɗa a gabanku cewa duk ranar da kuka ga gatari a sama, to itace ne zai faɗi? Wanda ya zana wannan abu bai taɓa zama kusa da mai fasa kwakwa ba. Wanda ya duba zanen ya amince, shi ma haka. An ce Dakta Eurico ne ya ba da kyautar tagullar da aka ƙera ta da ita. Na gode masa. Amma a gidansu kaɗai na san ana riƙe gatari haka, kuma kakansa ne ya aiko Zeca.

Ta uku, ita ce ta hana ni cin abinci. Mako uku ke nan da aka saka kwaɗo a ƙofar gandun bakin rafi, wurin nan dai da mata sittin da biyu suka tsaya. An ce gyara ake yi. Na je sau huɗu, ban ga kafinta ba, ban ga ƙusa ba, kwaɗon ne kaɗai sabo. Dona Filó, ga ta can da jan kallabi, shekararta sittin da takwas, yanzu sai ta zaga tafiyar awa biyu kafin ta cika kwando ɗaya. Sannan na ji ranar Alhamis kansiloli za su zauna su yi wa dokar Zulmira abin da suka kira ɗan kwaskwarima. Ban iya karatu ba, amma na sa sakatariyar ƙungiyar masu fasa kwakwa ta karanta mini takardar sau uku, kuma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ta ce mace za ta shiga gandu ne da kati, a ranar da mai gandu ya yarda. Jama'a, ranar da mai gandu ya yarda! Ai kafin Zulmira ma haka muke.

To ina tambaya, kuma ba da rashin kunya ba. Me ya sa yau Lahadi aka yi bikin nan, kwana huɗu kafin Alhamis? Me ya sa aka yanka shanu biyu? Me ya sa sai ni za a ba igiya, a ɗauki hotona ina dariya kusa da mai kwaɗo? Wataƙila tsufa ne ya sa nake zargi. Wataƙila duk alheri ne. In haka ne, abin da sauƙi. Daga nan zuwa ƙofar bakin rafi tafiyar minti ashirin ce, har da gurguwar ƙafata. Dakta Eurico ya zo da makulli ya buɗe a gaban jama'a. Mai girma magajin gari ya tsaya a bakin ƙofar ya faɗa da bakinsa cewa ba za a taɓa dokar ba. Sai mu dawo in ja igiya, 'yan badujala su busa, mu ci nama da garin rogo. Gatarin kuma a kira maƙeri ya sauke shi ƙasa.

Na ga ana yi mini alama da agogo. Na kusa, ɗana. Filó, har kin ɗauki kwandonki? To ku yi gaba, ina tafe.

Allah Ya jiƙan Zulmira, Ya ba ta inuwa mai sanyi. Allah Ya tsare itatuwanmu da hannuwan da ke ci daga gare su. Allah Ya ba shugabanninmu kunnen ji kafin Alhamis, Ya mai da baƙinmu gida lafiya.

Igiyar kuwa na kwance ta, ga ta a aljihuna. Wanda yake son ta, ya same ni a bakin ƙofar gandu.

Na gode.