Suna Neman Gidan Mai Rubuta Labarin Ƙwallonmu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni malamin makaranta ne a Ƙaura Namoda.

Malam Sani, mai rubuta labarin ƙwallo a 'yar jaridar garinmu, yakan tambayi kowane ɗan wasa sunan mahaifinsa da unguwarsu. Da haka ya gano uku cikin waɗanda suka ci kofin makarantu a Zurmi magidanta ne, ba ɗalibai ba, kuma ya buga. Muka shirya karrama shi ranar Asabar gaban ɗalibanmu, tunda Shari'a ta zo, gaskiya ake kira.

Jiya mutum biyu bisa babur suka tare ni, suka ce, "Malam, ina gidan mai biron nan?" Ban nuna ba.

Jama'a, mu yi taron ko mu fasa? Malam Sani, in kana saurare, kada ka fita kai kaɗai.