Ba Motar da Za Ta Ɗauki Halilu

SODANGI: Alo? Salamu alaikum, Hajiya Balaraba? Sodangi na, tela. Daga Zurmi nike, wayar ofis na aro.

BALARABA: Amin alaikumus salam. Sodangi! Ina wuni? Ya iyali?

SODANGI: Lahiya lau. Ya mutanen Ƙaura?

BALARABA: Alhamdu lillahi. Ya sabuwar rumfarmu ta Dauran? Ɗinki ya kankama? Ta garin Ɗan Isa dai teloli takwas sun zauna, ba mai sake bin mota zuwa Ƙaura da asuba. Jibi sai mu buɗe ta Gurbin Bore.

SODANGI: Hajiya... babu rumfar Dauran.

BALARABA: Mi? Ɗaga murya, layin na ƙara!

SODANGI: Na ce sun farfasa ta! Direbobi da 'yan kamasho, mota guda, da gorori. Wai mun raba su da fasinja. Kekunan ɗinki shida, ba wanda ya tsira, sun bi su da guduma.

BALARABA: Innalillahi! Mutane hwa?

SODANGI: Halilu tela ya kwanta bisa kekenai, ya ƙi tashi. Sunka sare shi a hannu.

BALARABA: Wane hannu?

SODANGI: Na dama. Mun ɗaure da ƙyalle, jini ya ƙi tsayawa. Mun kawo shi nan Zurmi, malamin asibiti ya ce sai Ƙaura.

BALARABA: To mi kake jira? Sa shi mota!

SODANGI: Wace? Na bi tasha kaf, har durƙusawa na yi. Sun ce ai mun daina hawa mota, mu ɗinke shi nan kusa da gida.

BALARABA: Wa ya hwaɗi haka?

SODANGI: Hajiya, bar shi dai...

BALARABA: Sodangi! Wa?

SODANGI: Maitama. Ƙanenki. Shi ya jawo su.

BALARABA: Maitama? Wanda na goya? Shina nan?

SODANGI: Ga shi can tasha, yana cin rake.

BALARABA: To saurara. Ka san sabuwar motar da ya sawo, wadda ko lamba ba a sa mata ba?

SODANGI: Na ji labarinta.

BALARABA: Tana ƙohwar gidana, nan ya ɓoye ta don masu baƙin ido. Tahi ka gaya mai gaban mutane: in Halilu bai iso asibitin Ƙaura kahin la'asar ba, toka zai tarar. Kuma shi da kainai zai tuƙo shi.

SODANGI: Haba Hajiya, ɗan'uwanki na hwa! Wuta kuma?

BALARABA: Ni na ce wa Halilu ya bar bin hanya, ya zauna garinsu ya yi ɗinki. Ni na kai shi rumfar nan.

SODANGI: In ya ce ƙarya kike?

BALARABA: Ya san ni tun yana tsumma. Mariya! Ajiye tsintsiyar nan, miƙo min galan ɗin kananzir da ashana!

SODANGI: Hajiya, tsaya, ki...

BALARABA: Ruga, Sodangi. An kira azahar.

SODANGI: Alo? Hajiya? Alo!