Marinar Kakanmu Ta Koma Bakin Bola

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Habsu, ina aure a Dungas, amma a Magariya aka haife ni, unguwar Marina.

Ran Talata ka karanta sanarwar sunan 'yar ƙanena Isufu, ka ce za a yi a "unguwar Bakin Bola". Na ce lallai mai rediyo ya yi kuskure.

Na daɗe ban je gida ba, sai ranar sunan. Malam, ramukan rinin da kakanmu ya haƙa, inda muke wasa mu koma gida hannu shuɗi, an cike su da leda da mushen kaji. Zauren masu bugun tufafin rini ya rushe, can ake zagawa bayan gida. Wari ya hana ni cin tuwon suna.

Na ce, "Isufu, kai ka rubuta Bola?" Ya ce, "Yaya, in na ce Marina, wa zai gane?"

Tir! 'Yan Marina da ke saurare, ku faɗa mini: jaririyar nan in ta girma aka tambaye ta unguwarsu, me za ta ce?