Sunan Kawu a Jerin Masu Miliyoyi

AUTA: Salamu alaikum. Kawu, ina wuni?

KAWU: Wa alaikumus salam, Auta. Lafiya lau. Ya aiki?

AUTA: Da godiya. Ya shago? Ya mutanen gida?

KAWU: Kowa lafiya. Ya ƙafar mahaifiyarki?

AUTA: Da sauƙi. Jiya har bakin titi ta taka.

KAWU: Madalla. Ki ce wanta yana gaishe ta. Kina ofis ne?

AUTA: Ina ofis, amma ni kaɗai ce. Onarabul ya fita taro.

KAWU: Gara da ya fita, don maganarsa ce ta sa na kira. Ashe ni attajiri ne ban sani ba?

AUTA: Wane alhaji? Layin yana yankewa, Kawu.

KAWU: Attajiri na ce. Bari in fita waje, injin maƙwabci ya cika min kunne. Kina ji yanzu?

AUTA: Ina ji.

KAWU: Ɗazu mai faci ya shigo min da jarida. An buga sunayen waɗanda suka ba ɗan majalisarku gudummawar yaƙin zaɓe. Ni ne na goma sha bakwai. Sunana, sunan mahaifina, sana'a tela, miliyan biyu.

AUTA: Na gani, Kawu.

KAWU: Kin gani. To ni keken ɗinkina ya girme ki. Ina na samu miliyan biyu?

AUTA: Tsari ne kawai na takarda. Doka ta ƙayyade abin da mutum ɗaya zai iya bayarwa. Idan kuɗin ya wuce haka, sai a rarraba shi a kan sunaye.

KAWU: Sunaye nawa?

AUTA: Arba'in.

KAWU: Kuɗin na waye?

AUTA: Kawu, wannan ba maganar waya ba ce.

KAWU: Sunana ya shiga jarida, ai ta wuce maganar ɗaki. Na waye?

AUTA: Na mai kamfanin fasa dutse ne. Shi kaɗai ya bayar.

KAWU: Mai tifofin nan?

AUTA: Shi.

KAWU: To wa ya ba su lambar katin shaidata?

AUTA: Ni ce. Ka tuna lokacin da na karɓi katinka na ce za a raba kekunan ɗinki?

KAWU: Na tuna. Har wuri na share a shago.

AUTA: Ba ƙarya na yi maka ba, haka aka gaya min. Sai da aka ajiye min jerin in buga na gane. Ina sabuwar ɗauka lokacin, wata na biyu ke nan. Na buga na yi shiru.

KAWU: Shekara huɗu kina shiru.

AUTA: Eh.

KAWU: To ga abin da shirun ya haifa. Mai ginin shago ya zo da kansa, ya ce haya za ta tashi, tunda ina da na kyautar 'yan siyasa. Gobe kuma ɗan jaridar da ya buga labarin zai zo ya tambaye ni.

AUTA: Maganar ke nan da nake jin nauyin kiranka a kanta. An ba mu umarni kowa ya kira mutanensa. Idan an tambaye ka, ka ce eh, ka bayar, tari ka yi.

KAWU: Tari kam ina yi, musamman da asuba.

AUTA: Tarin kuɗi, Kawu. Ba wasa nake ba.

KAWU: Ni ma ba wasa nake ba. Ke ce mai riƙe takardunsa, bari in tambaye ki. Zama nawa majalisa ta yi a shekara huɗun nan?

AUTA: Ɗari da casa'in.

KAWU: Ya je nawa?

AUTA: Arba'in da uku.

KAWU: Ƙudiri nawa ya kai?

AUTA: Ɗaya. Amma ya gyara famfunan unguwa shida, wannan da idona na gani. Ya kuma biya wa yara kuɗin jarrabawa.

KAWU: Ban hana shi famfunansa ba, ina sha. Ƙudirin ɗayan na mene ne?

AUTA: Na ba manyan motoci damar bi ta cikin gari da rana.

KAWU: Yauwa. Tun daga ranar, idan tifa ta wuce sai na ɗaga ƙafa daga keke, in ba haka ba ɗinki ya karkace. Bangon shagona ya tsage, ina iya sa yatsa a ciki. Yaran makaranta kuma sai malami ya tsaya tsakiyar titi kafin su tsallaka. Yanzu ni zan ce da kuɗina aka sayi wannan?

AUTA: Idan ka musa, za a bi sawun wanda ya buga jerin. Sa hannuna yana ƙasan takardar. Onarabul zai ce bai sani ba, kuma haka zai tsaya. Da albashin nan nake sayen maganin Umma.

KAWU: Na sani. Shi ya sa na kira ki kafin in yi magana da kowa. Zan ce ban bayar ba, don ban bayar ba. Idan ya ce wa ya karɓi katina, zan ce na tsufa, na manta. Iyakar ƙaryar da zan iya yi miki ke nan.

AUTA: Ba zai yarda ba. Mutum arba'in ba za su manta tare ba.

KAWU: Wannan kuma aikinsa ne. Hello? Auta? Wayar tana ƙara, kuɗin wayata ya kusa ƙarewa.

AUTA: Ina nan. Kawu, takardar asali, wadda mai kamfanin ya turo kuɗin da ita, ban yaga ta ba. An ce in yaga, na kai ta gida.

KAWU: Tana ina?

AUTA: Cikin jakar takardun makarantata. Ɗan jaridar nan, ƙarfe nawa zai zo?

KAWU: Ya ce goma.

AUTA: Ka ba shi lambata. Ka ce ya kira bayan biyar, kada ya kira layin ofis.

KAWU: Kin tabbata?

AUTA: Ban tabbata ba. Ka ba shi kafin in sake shawara. Kuma kada ka gaya wa Umma tukuna, ni zan...

KAWU: Auta? Hello?